Me mai unguwa zai iya yi wa Bahar Maliya?

Wa'alaikumus salamu, ɗana. Na karanta saƙonka har sau biyu. Ka ce kawunka mai unguwa ne a cikin 'yan'uwanmu Hausawan Bur Sudan, an gayyace shi zama kan kare albarkatun teku, ya dawo gida yana cewa shi bai ga abin da ya kai shi ba: ruwa na gwamnati ne, gaɓa ta ƙabilar Bija ce, mutanen unguwarsa kuwa dillalan kifi ne da masu sayar da ƙanƙara da mata masu suya da haɗa turare, masu shiga kwale-kwale a cikinsu ba su taka kara sun karya ba. Kai kuma kana so ka ji ko da gaske akwai abin da shugaban al'umma zai iya tsinanawa a nan.

Akwai, kuma ba ƙarami ba. Amma ka fara ba kawunka gaskiyarsa. Bai yi ƙarya ba da ya ce ba shi da iko a kan ruwa. Inda lissafinsa ya kuɓuce shi ne zaton cewa a cikin ruwa kaɗai ake kashe teku. Da yawan ɓarnar a tudu ake ƙulla ta, a bakin sikeli, a littafin bashin dillali, a kaskon mai suya, kuma a nan hannunmu yake dumu-dumu.

Ni ɗan masunta ne. A gefen Sinnar aka haife ni, bakin Bahar Azraƙ, kuma da birgi da kalli mahaifina ya ciyar da mu. Karatu ne ya kawo ni gabas, na yi shekaru sama da 20 ina aikin kula da kamun kifi tsakanin Sawakin da Dungunab. Tunanin kawunka na san shi sarai, don da shi na sauka garin nan.

Mu mutanen kogi Allah Ya saba mana da ruwa mai yafiya. Kowace damina kogi ya cika ya fantsama cikin fadama, tarwaɗa da ƙarfasa su shige ciyawa su zuba ƙwai inda ba mai iya bin su, kafin ruwa ya janye 'ya'ya sun yi ƙwari. Ko an wuce gona da iri da rani, damina takan rufa asiri. Wannan teku ba shi da damina irin wannan. Babu kogi ko ɗaya mai gudu duk shekara da ke zuba a cikinsa, sai kwaruruka irin su Khor Baraka mai gangarowa Tokar da Khor Arba'at, su ma sai an yi ruwa a kan duwatsu. Rana tana ƙone ruwan, shi ya sa gishirinsa ya kai kimanin giram 40 a lita, alhali na manyan tekunan duniya kusan 35 ne. Garau ɗin nan da yake burge baƙi, har kana hango ƙasa daga cikin jirgi, alama ce ta ƙarancin abinci a cikin ruwan. Sahara ce ta ruwa, dausayinta kuma shi ne sha'ab, wato duwatsun murjani da suka yi layi a gefen gaɓarmu mai tsawon kimanin kilomita 750.

Sha'ab kuma ba mataccen dutse ba ne. Ƙananan halittu ne masu rai, da yawansu ba su fi ƙwayar dawa ba, suna gina gida a kan gidan iyayensu. Irin mai dunƙulewa kamar tukunya kimanin santimita 1 yake ƙaruwa a shekara. Dunƙulen da ya kai ƙugun mutum, wanda anga take kifarwa cikin ƙiftawar ido, ya girmi kakanka. Da irinsa aka gina tsofaffin gidajen Sawakin, kuma ƙuncin mashigar Sawakin a tsakaninsa ne ya sa Turawa suka matso da tashar jiragen ruwa nan, aka buɗe Bur Sudan a 1909. A jikinsa kifaye sama da iri 1,000 suke rayuwa, wasu ba a samun su ko'ina a duniya sai nan. Iri da yawa, amma kowane iri ba shi da yawa. Wannan shi ne abin da mutumin kogi yake daɗewa bai gane ba.

Bari in tsaya a kan kifi ɗaya, don in ka fahimce shi ka fahimci aikin shugaba gaba ɗaya. Najil. Kowa a Sigala, kasuwar kifin garin nan, ya san shi ne sarkin kasuwa, shi ake lulluɓewa da ƙanƙara a tsallaka da shi Saudiyya. Mafi yawan shekara najil zaman kaɗaici yake yi, kowanne da raminsa a jikin sha'ab, masunci yana binsa ɗaya bayan ɗaya da zare da ƙugiya. Wannan kamu ba ya ƙarar da shi. Amma idan zafi ya fara shigowa, sai ya bar ramukansa ya taru a wasu sanannun wurare, galibi a hancin sha'ab ko bakin mashiga inda igiyar ruwa ke ja, kuma taron yana bin lissafin wata. A nan mata suke sakin ƙwai, maza su saki nasu ruwan, igiya ta kwashe. Wuraren ba sa canzawa. Inda kakan masunci ya same shi, nan jikan zai same shi. To ka ga tarkon. A 'yan kwanakin nan mutum ɗaya yana iya kama abin da ba zai kama a makonni ba, sai ya ɗauka kifi ne ya ƙaru, alhali duk najil ɗin yankin ne ya taru wuri guda. Kasuwa tana cika har shekarar da taron zai watse gaba ɗaya, kuma a wurare da dama na duniya an ga irin wannan taro ya watse bai sake haɗuwa ba. Ƙari a kan haka, da yawa daga dangin najil da ɗan'uwansa gushar mata ake haifarsu, sai sun girma wasu su rikiɗe su zama maza. Kasuwa tana son manya, sai a tsince mazan. Masu suya suna karɓar ƙanana, sai a kwashe matan tun ba su yi haihuwar fari ba. An ci ta kai, an ci ta gindi.

Maganin a bayyane yake: a ƙyale waɗannan wurare a waɗannan kwanaki. A ɗaya gefen tekun, Saudiyya tana rufe kamun najil da ɗan'uwansa ɗaradi, wanda mu nan muke kira silimani, na watanni 2, Afrilu da Mayu. Su suna da jiragen sintiri da tashoshin da kowane masunci sai ya bi ta cikinsu. Mu dokar kamun kifin teku muna da ita tun 1937, amma takarda ba ta iyo.

A nan na taɓa yin kuskuren da har yau yake min ciwo. Ina sabon ma'aikaci muka tafi wani ƙauyen masunta a arewa, da taswira a hannu wadda muka zana a ofis, an shata wurin da za a hana kamu da jan biro. Aka shimfiɗa mana tabarma a inuwar wani jirgi da aka kife, aka kawo jabana, wato kofi, yaro yana gasa bunni a gabanmu yana daka shi da citta. Na yi bayani na kusan awa guda. Dattawa suka saurara, ba wanda ya katse ni, suka yi mana addu'a muka tafi. Ba a bar kamu ko na kwana ɗaya ba. Sai bayan shekaru, da muka saba har ina kwana a gidansa, wani tsoho daga cikinsu ya ɗauke ni a hurinsa, wato ƙaramin kwale-kwalensa, tun kafin rana ta fito, ya kai ni wani hanci da ba ya cikin taswirarmu ko kusa. Ya miƙo min gwangwani mai gilashi a gindi ya ce in leƙa. Na ga najil jere a kan yashi, jajaye masu shuɗin ɗigo, wasu cikinsu ya kumbura da ƙwai, sun fi ƙarfin ƙirgata. Ya ce tun ranar farko sun san mun shata wurin da ba komai, amma ba wanda ya tambaye su, kuma mutum ba ya nuna wa baƙo rumbunsa don baƙon ya sa masa kwaɗo. Daga ranar na daina zuwa da taswira a zane. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da dattawan wannan ƙauye suka yi daga baya, da kansu, ya fi abin da muka nema ƙanƙanta amma ya fi shi aiki. Ba su rufe teku ba. Hanci ɗaya suka ajiye, na 'yan kwanaki a wata, a watannin taron. Wanda ya karya, ba tarar kuɗi ake fara yi masa ba. Ana kiransa gaban majalisa, a gaban kawunnansa da surukansa, ya faɗi dalilinsa. A ƙauyen da kowa ya san uwar kowa, wannan ya fi ɗauri zafi. Kuma babban cikinsu shi ne ya fara janye jiragen 'ya'yansa daga wurin. Da bai yi haka ba da maganar ta mutu a tabarma.

Kada kawunka ya ɗauka wannan baƙon abu ne da aka kawo daga Turai. Gadonmu ne. A ƙasar Kabi, kogin Matan Fada na Argungu a rufe yake, ba mai jefa homa a wurin sai ranar da aka buɗe shi, kuma Sarkin Ruwa ne yake tsaye a kan haka. Manyan giwan ruwan da ake fitowa da su a bikin, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu tun 1934, ribar wannan haƙuri ce. Kalmar hurumi ma da muke amfani da ita, filin da gari yake ajiyewa ba mai nomawa, daga shari'a ta zo mana. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'i kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, duk don amfanin jama'a ba don aljihun shugaba ba. Abin da ya faranta min rai shi ne a shekara ɗaya, 2016, hukumar UNESCO ta sa bikin Argungu a jerin al'adun duniya, ta kuma sa Sanganeb da Dungunab da tsibirin Mukawwar na wannan teku namu a jerin wuraren gado na duniya. Jikokin masu hurumin kogi ga su zaune a bakin hurumin teku.

Sai dai fa a nan mu ba Sarkin Ruwa ba ne, kuma wannan ita ce gaɓar da nake so ka isar wa kawunka da kyau. Gaɓar nan tana da masu ita, wato Bija da rassansu. Bisharin a arewa, Amar'ar da Hadandawa a tsakiya, Bani Amir a kudu, kowace marsa, wato lungun teku da jirage ke tsayawa, da kowane kwari akwai dangin da ake jingina masa. Suna da salif, dokarsu ta gado, wadda ta bambanta mai asalin ƙasa da wanda aka ba izinin amfani da ita, suna da sarakunansu na gargajiya, nazir da umda da shehunnai. Gwamnatin Numairi ta rushe mulkin gargajiya a farkon shekarun 1970, daga baya aka dawo da shi da ƙarfin da bai kai na da ba, amma har gobe in rigima ta tashi kan rijiya ko kiwo ko jini, wurin waɗannan mutane ake komawa. Bahaushen da ya tashi da kansa ya ce ya hana kamu a wuri kaza, ko da niyyarsa fara ce tas, za a ji shi a matsayin mai neman ƙasa, kuma ka san abin da irin wannan zargi ya sha jawo wa mutanenmu a ƙasar nan. Ta ƙofa ake shiga. Kawunka ya je wurin umda da shugabannin masunta ya zauna, ya sha jabana, kada ya zo da buƙata a zuwan farko. In an saba, abin da zai kai musu shi ne: duk wurin da kuka ajiye, mutanena ba za su sayi kifinsa ba.

Wannan jimla ɗaya ita ce ikonsa, kuma ta fi jirgin sintiri. Masunci ba ya shiga teku don ya ci najil, don ya sayar yake shiga. Mafi yawansu kuma ba da jarinsu suke fita ba. Dillali ne yake ba da mai da ƙanƙara da guzuri bashi, da sharaɗin shi za a kawo wa kamu, a farashinsa. Mutumin da bashi ya shaƙe ba ya jin wa'azin barin kifi mai ƙwai, ko limamin Harami ne ya yi masa. Ni ban taɓa ganin doka ta yi nasara a kan yunwa ba, kuma ba na ganin laifin uban da ya karya doka don tukunyar gidansa. Saboda haka idan dattawan gaɓa suka ce an ajiye wuri na kwana kaza, tambayar da ke biye ita ce wa zai ɗauki asarar. In aka bar ta a kan mai huri shi kaɗai, an zalunce shi kuma dokar za ta karye. Aikin mai unguwa shi ne ya tara dillalan unguwarsa, waɗanda yake ɗaura wa 'ya'yansu aure yake raba musu gado, ya sa su yi alkawari a gaban juna: ba mai karɓar najil mai ƙwai, ba mai karɓar wanda bai kai tsawon da aka yarda ba, kuma ba mai matsa wa masunci kan bashi a kwanakin rufewa. Dole a gaban juna, don dillali ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba. In ya ƙi saya na kusa da shi ya saya, ya yi asara kifi kuma ya mutu. A yanka sanda daidai tsawon da aka amince, a rataye ta a bakin kowane sikeli. Abu ne mai araha, amma yana kashe gardama, don sanda ba ta san ɗan wa kake ba. Adashen da muka iya tun a gida shi ma ya shigo nan: a riƙa zuba wani abu a watannin samu, a fitar a kwanakin haƙuri.

Akwai wani kaya da ban taɓa jin an ambata a irin waɗannan tarurruka ba, alhali yana cikin ɗakin kowace amarya. Farce. Wanda iyayenku mata suke wankewa su soya su daka a haɗin humra da turaren wuta, wanda Larabawa suke kira dufra. Mutane da yawa ba su san mene ne shi ba. Murfin bakin dodon koɗin teku ne, ƙofar da yake ja ya rufe kansa. Kowane dodon koɗi farce ɗaya gare shi, kuma ba a cire shi sai an kashe shi. In ka kalli kwano cike da farce, ka ƙirga rayuka daidai da ƙwayoyin da ke ciki. Mata da yara ne suke tsintarsa a ruwa marar zurfi, su busar da naman, surumbak, su sayar da farcen daban. Ba cewa nake a daina humra ba, ni ma gidana ana yi. Amma irin mai faffaɗan baki yana da alamar balaga da ko yaro zai gane: sai ya girma leɓen ƙwaryarsa yake buɗewa ya yi kauri. Mai siririn leɓe bai haihu ba tukuna. Idan masu sarin unguwarku suka daina karɓar ƙananan farce, masu tsinta za su daina ɗaukar ƙananan. Wannan magana kuwa ba a majalisar maza za ta yiwu ba. Kawunka ya nemi uwar mata ta unguwa, wadda ake kai wa ƙarar kishiyoyi da rikicin adashe. Ita ma shugabar al'umma ce, ko da ba a aika mata katin gayyata ba.

Kokwambar teku, khiyarul bahar, wata dabbar ƙasan ruwa mai siffar kokwamba, ita ce darasin abin da ke faruwa in ba wanda ya tsaya. Ba ma cin ta, ba wanda ya kula da ita, sai da 'yan kasuwa suka zo suna saye don kai wa gabashin Asiya. Ba ta gudu, tsinta kawai ake yi, a dafa a sa gishiri a shanya. Aka share ta daga ruwa marar zurfi, samari suka koma nutso da tiyon iska zuwa inda jiki ba ya ɗauka, na san waɗanda suka fito ƙafafunsu sun shanye har abada. Ita kuma a ruwa take sakin ƙwai, in ta yi nisa da 'yar'uwarta ba a samun haihuwa, don haka ko an daina tsinta takan daɗe ba ta dawo ba.

Sai ayu. E, teku ma yana da nasa, ɗan'uwan wanda kakanninmu suka sani a Kwara da Binuwai, kuma ruwan Dungunab yana cikin mafakarsa mafi muhimmanci a wannan teku. Ciyawar ƙasan ruwa yake kiwo, da huhu yake numfashi, sai ya ɗago. Macen takan yi shekara 10 ko fiye kafin haihuwar fari, cikinta ya haura shekara guda, ɗa ɗaya take haifa, sannan ta huta shekaru kafin wani. Sau ɗaya na ga wanda ya mutu a kalli. An jawo shi bakin yashi da hantsi, fatarsa toka-toka da sawun zaren a wuyansa, mai ragar yana tsugune a gefe ya dafe kai. Bai yi niyya ba, ya kafa raga da yamma a kan ciyawa ya tafi gida, dabbar ta sarƙe ta kasa ɗagowa. Ba mugu a labarin, shi ya sa tara ba ta magance shi. Abin da ke magance shi yarjejeniya ce: kada a kwanar da kalli a makiyayarsa, in an kafa a tsaya a kai. Kunkurun teku masu hawa yashin Mukawwar su binne ƙwai su ma haka, shekaru da dama suke yi kafin su fara haihuwa, kuma ƙwansu a tudu ake sayar da shi, wurin mutanen da mai unguwa ya sani da suna.

Kurmin shora, itacen da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a bakin marsa, wanda daga nesa kamar sarƙaƙiyar banza, shi ne ɗakin renon jatan lande da ƙaguwa da ƙananan kifi. Raƙuma suna cin ganyensa in fari ya yi tsanani, kuma makiyayi yana da uzuri. Wannan sasantawa ce ta masu ƙasa, su suka san yadda za a yi karɓa-karɓa tsakanin kurmi da kurmi. Namu shi ne itace da gawayi da shara. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 garin nan ya ɗauki jama'ar da ba a gina shi dominsu ba, madatsar Arba'at kuma ta fashe a Agusta 2024 ta ƙara wa mutane ƙuncin ruwa. Duk ledar da aka zuba a kwari tana jiran ruwan sama na farko ya kai ta sha'ab. A halin da mutane suke ciki ba na son a ɗora musu wa'azi mai nauyi, amma hana zuba shara a kwari aikin mai unguwa ne tun kafin a san kalmar muhalli.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfinsa, kada a yaudare shi. Manyan jiragen da ke jan raga a ƙasan ruwa ta wajen kudu, masu shigowa daga waje suna yanke fiffiken kifin ƙirsh, wato shark, su jefar da gangar jikin, ɗumamar ruwa da ke sa murjani ya yi fari fat ya mutu, haɗarin malalar mai a tekun da jiragen dakon mai suke ratsawa dare da rana. Tsohon jirgin Safer da ya yi shekaru yana ruɓewa a gaɓar Yaman ɗauke da ganga sama da miliyan 1, sai da Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga aka kwashe man a 2023. Wannan aikin gwamnatoci ne, don shi aka ƙulla yarjejeniyar Jidda a 1982, aka kuma kafa ƙungiyar PERSGA ta ƙasashen da ke kewaye da tekun. Amma ko a nan shugaban al'umma ido ne. An ayyana Sanganeb wurin kariya tun 1990, Dungunab a 2004, sai dai ma'aikatan da ke tsaronsu ba za su taɓa kai yawan masunta ba. Mai huri ne yake fara ganin baƙon jirgi da fitilarsa a kashe, shi yake fara ganin murjani ya canza launi. In ya faɗa shi kaɗai ba a ji. In umda da mai unguwa da shugaban masunta suka sa hannu a takarda ɗaya, da rana da wuri, suka kai wa hukumar kamun kifi da malaman Jami'ar Bahar Maliya, ana ji.

Limamin unguwa kuma kada a bar shi a baya. Aya ta 41 a Suratur Rum ta ambaci ɓarna a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata, kuma na lura masunci yakan saurari wannan daga mumbari fiye da yadda yake sauraren irina. Amma liman ya fara zuwa bakin ruwa ya ga najil mai ƙwai da idonsa, don huɗubar ta sauka a kan abu sananne.

'Yan'uwanmu da ke Jidda, masu aiki a kasuwar Bangala, za su ba ka labarin Farasan, tsibiran da ke gaban Jazan. Sau ɗaya a shekara, wajen watan Afrilu, kifin harid yakan shigo wani lungu marar zurfi. Ba wanda yake rugawa shi kaɗai. Ƙwararru ne suke kewaye shi, jama'a suna tsaye a gaɓa, sai an ba da izini kowa ya faɗa ruwa. Da na fara jin bayanin sai na ce ai wannan kamun kifi ne irin namu na Argungu, ruwan ne kawai mai gishiri. Harid ɗin nan kuwa, mai baki kamar na aku, shi ne yake kankare gansakuka daga jikin murjani. In aka ƙarar da shi gansakuka ta rufe sha'ab, najil ma ya rasa gida.

To in kawunka ya tambaye ka ta ina zai fara, ka ce masa kada ya fara da kwamiti, kada kuma ya jira wata ƙungiya ta kawo kuɗi, don dokar da kuɗin baƙo ya kafa takan tafi tare da baƙon. Ya yi sallar asuba ya sauka Sigala, kwana uku a jere, ya tsaya kusa da sikelin mutanensa ya kalli abin da ake saukewa. Ya nemi masuncin da ya fi kowa tsufa ya tambaye shi girman najil ɗin da yake kamawa yana saurayi, da awa nawa yake tafiya a lokacin kafin ya jefa ƙugiya, da awa nawa 'ya'yansa suke yi yanzu. Bayan nan ya tafi gaisuwa wurin umda.

Ka gaishe min da Baba Mai Unguwa da kyau. Ka ce masa ranar da ya shirya sauka kasuwar zan zo in tsaya tare da shi, in nuna masa yadda ake gane najil mai ƙwai tun ba a fede ta ba.